Inda Gaisuwar Juma'a Take Faɗawa

A cikin dukkan kotunan da ɗan Adam ya kafa tun da ya koyi zama da ɗan'uwansa, babu mai tsanani irin wadda take yanke wa wasiƙar imel hukuncin inda za ta faɗa. Ba ta da zaure, ba ta da ranar zama, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Alƙalinta bai san mahaifinka ba, in an faɗa masa ma ba zai gyara zama ba. Kafin ka ƙifta ido ya gama duban wasiƙarka, ya ce ko dai ta shiga akwatin mutum a gan ta, ko ta wuce kwandon shara ta kwanta tare da tallan maganin rage tumbi da albishir ɗin gadon da wani baƙo ya mutu ya bar maka. Na karanta tarihin daulolin da suka yi mulki da takobi, na koyar da shi ma, amma ban san tsoron hukuma ba sai da na tsaya gaban wannan kotu riƙe da gaisuwar wani dattijo.

Dattijon malaminmu ne. Ya koyar da mu a wata kwalejin horon malamai da aka daɗe da rufewa, daga baya ya zama sufeton makarantu, irin waɗanda in an ji ƙarar babur ɗinsu hedimasta yake fara laluben hularsa. Da ya yi ritaya ya koma gida Dagumawa. Mu kuma tsofaffin ɗalibai muka naɗa shi shugaban ƙungiyarmu ba tare da zaɓe ba, domin babu mai iya tsayawa takara da mutumin da ya taɓa ja masa kunne. Ni aka ba magatakarda. Ina koyar da tarihi a nan Wudil, kuma an taɓa ganina na sa firintar ofis ta yi aiki bayan ta ƙi kowa, to daga ranar duk wani abu mai waya a jikinsa ya zama nawa.

Shekarun baya hawan jini ya kayar da Malam a gona, ya tashi ɓarin hagunsa ba ya jin magana. Likita ya ja iyalinsa gefe ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali, domin faɗuwa ta biyu ba ta zuwa da sauƙin ta farko. Ya daina fita taro, ya daina shiga mota in ba dole ba. Aikin da ya rage masa shi ne wasiƙar Juma'a. Kowace Laraba zai zauna da hannun damansa mai lafiya ya cika shafi da bayansa: sallama, tambayar iyali da gajiya da damina, nasiha a kan riƙon amanar aji, addu'a ga waɗanda suka riga mu, sannan gyaran wani kuskure da ya ji a rediyo. A ɗauki hoton takardar a turo mini, in buga, ranar Juma'a da safe ta tafi ga 'yan ƙungiya, ɗaruruwan mutane daga nan har duk inda aikin gwamnati ya jefa su. An ba shi shawarar a riƙa sakawa a zauren waya kamar yadda kowa yake yi. Ya ce bai ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da rubutun wasiƙa ba don a ƙarshe a jefa maganarsa tsakanin hoton biki da tallan atamfa. Wasiƙa tana da kai, tana da ƙafa, kuma mutum ake aika wa ita da sunansa.

Da farko da adireshina nake aikawa. Ba a daɗe ba kamfanin imel ɗin ya rufe mini akwati, ya ce alamuna sun yi kama da na masu damun jama'a. Sai kwamiti ya zauna ya yanke cewa ƙungiya ta mallaki nata injin aika wasiƙa, abin da masu harkar suke kira uwar garke. Aka dube ni, aka shafa fatiha.

Uwar garken ban taɓa ganinta ba. Haya muka kama a wata ƙasa mai sanyi, ɗan lungu a cikin wata na'ura, aka ba ni lamba da mabuɗin shiga. Daga teburina nake yi mata magana ta wani baƙin allo mai fararen haruffa, in sabis ya yarda. Kafa ta ba shi ne mai wuya ba. Cikin 'yan kwanaki ta iya aika wasiƙa. Wuyar ita ce a yarda da ita, domin manyan kamfanonin da akwatunan mutane suke hannunsu suna ɗaukar duk sabon mai aikawa ɓarawo ne har sai ya kawo shaida.

Shaidar kuwa kala-kala ce. Sai ka kafa sanarwa a jikin sunan ƙungiya cewa wannan lamba ita kaɗai take da izinin aika wasiƙa da sunanmu. Sai ka yi hatimi, wanda ake bugawa a kan kowace wasiƙa da wani mabuɗi da ka ɓoye, ka ajiye ɗan'uwansa a fili don mai karɓa ya gwada ya ga ba a taɓa ko harafi ɗaya a hanya ba. Bayan nan ka rubuta umarni ga duniya: in kun ga wasiƙa da sunanmu babu hatiminmu, ga abin da za ku yi da ita, kuma ku aiko mini da labari. Ita kanta lambar dole in an kira ta ta amsa da sunan da ka ce nata ne. Sannan ka bincika ko wanda ya riƙe lambar kafin kai ya yi ɓarna da ita, kamar mai kama hayar gida yana tambayar maƙwabta ko tsohon ɗan haya ya bar abin kunya, don akwai baƙaƙen littattafai da ake rubuta lambobin masu laifi, kuma ba a damu da cewa kai jiya ka tare ba. Tamu ta fita fes. Na yi hamdala kamar an ce mini gwajin jini ya yi kyau.

Duk wannan na koye shi ne daga rubuce-rubucen mutanen da ba sa gaisawa kafin su fara magana. Sun ce kada sabuwar lamba ta tashi rana ɗaya ta aika wa ɗaruruwa. A fara da kaɗan, waɗanda aka san za su buɗe su amsa, a riƙa ƙarawa a hankali. Wannan ya yi mini daidai da hankali. Baƙo a unguwa ma maƙwabcin katanga yake fara gaisarwa kafin ya kira walima. Na fara da 'yan kwamiti, na roƙe su su riƙa amsawa ko da amin ne. Suka amsa da shafi-shafi.

Wurin da na fara jin sanyi a jikina shi ne wurin matattun adireshi. Wasu wasiƙun sukan dawo da bayanin cewa babu mai wannan akwati. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga da yawansu na mutanen da na halarci jana'izarsu ne. Masana sun yi gargaɗi cewa kamfani yakan mai da akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba ya zama tarko, duk wanda ya ci gaba da aika masa an gane bai san mutanen da yake rubuta wa ba. Na yi wa Malam maganar a waya, a kaikaice. Ya ce ba a goge ɗan ƙungiya don ya rasu. Muka daidaita a kan sunayen su zauna a rajista, aikawar ce kawai za a tsayar. Ranar da na zauna ina kashe aikawar, ina yi ina karanta wa kowane suna addu'a, ofis shiru sai ƙarar fanka.

Daga nan abu ya miƙe. Akwai wani shafi da babban kamfanin yake ba masu aikawa, inda yake nuna darajar sunanka a wurinsa, kamar sakamakon jarrabawar ƙarshen zango amma babu wurin sa hannun uba. Tamu tana sama. Kowace Juma'a in na dawo daga masallaci Malam zai kira.

"Magatakarda, ta je wa kowa?"

"Ta je, Allah ya gafarta Malam."

"To madalla. Allah ya yi albarka."

A muryarsa nake jin cewa makon ya yi amfani.

Ban san ranar da darajar ta fara sauka ba. Na dai buɗe shafin wata safiya na ga ta baro sama ta dawo tsakiya. Na ce ƙila kuskure ne. Mako na gaba tana nan, na bayansa ta ƙara yin ƙasa. Na bi duk abin da na kafa. Sanarwar izini tana nan, hatimi yana ci, lamba tana amsa sunanta, babu mu a baƙin littafin kowa. Layi ɗaya ne kawai a shafin yake hawa, kuma kowace Juma'a yake yin tsalle: layin ƙorafi. Ma'anarsa, akwai mutanen da in wasiƙar Malam ta iso musu suke danna maɓallin nan na sama da ke cewa wannan shara ce. Ba a bukatar su yi yawa. 'Yan ƙalilan sun isa su ɓata sunan mai aikawa, kuma in sunan ya ɓaci, har wanda yake jiran wasiƙar ba zai gan ta a akwatinsa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a ƙasan kowace wasiƙa na sa hanyar fita, da manyan haruffa: wanda yake son a daina aiko masa ya danna nan. Haka ƙa'ida ta ce, kuma na gwada, tana aiki. Tun da na kafa ta babu mutum ɗaya da ya taɓa ta.

Kamfanin ba ya faɗin sunan mai ƙorafi. Wannan ya fi komai cin raina. Ranar Juma'a a sahu sai in ga wani ɗan ajinmu yana shafa addu'a, in ce a raina ko shi ne. Wanda ya fi kowa yabon wasiƙar in mun haɗu, shi na fi zargi. Kuma a ƙarƙashin duk wannan akwai abu ɗaya da ba na son in duba kai tsaye: ranar da Malam zai ji cewa yaran da ya koya wa riƙon alli, waɗanda suke cire takalmi tun daga ƙofar zaurensa, suna zuba addu'arsa a juji. Nakan ga abin a idona ina tsaka da darasi. Kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, a fito da tabarma a nemi mota. In wayata ta yi ƙara na ga lambar gidansa, sai na ja numfashi kafin in ɗauka.

Amsar ta zo mini ranar kasuwa, a bakin gada. Wani abokina tun na kwaleji, hedimasta ne a Darki, yakan shigo Wudil ranar Juma'a, ya ce ya zo duba farashin shanu alhali ko akuya ba shi da niyyar saye. Muka zauna wurin mai soya kifi, manyan motoci suna ta wucewa da shanu, ƙahonni a waje. Ya dube ni ya ce na rame.

"Ko tarihin ne ya ƙare, ba ka da abin koyarwa?"

Na gaya masa damuwata, ban ɓoye ba. Na ce abin da ban gane ba shi ne me ya hana wanda ya gaji ya danna hanyar fita.

Ya daɗe yana cire ƙaya daga kifinsa. Sannan ya ce, "Wanne, na ƙasan nan mai cewa a daina aiko mini? Kai ka taɓa dannawa?"

"Ni nake aikawa."

"To ka huta. Mutumina, in na danna wannan ai takarda na rubuta wa Malam na ce na ƙoshi da addu'arsa. Da wace fuskar zan je masa gaisuwar Sallah?"

"Malam ba ya gani."

"Kai kana gani."

"Ni ba zan faɗa ba."

"Ba sai ka faɗa ba. Za ka sani. Mu haɗu a ɗaurin aure ka miƙo mini hannu kana sane. A'a. Shi kuwa na saman babu ruwansa, ba ya tambayar dalili, ba ya kai wa kowa labari. Wayata ta cika, wasiƙar ga tsawo, ni kuma safiyar Juma'a ina fama da yara. Na ce amin a zuciyata, na danna, ta tafi. Wa na ɓata wa?"

Na ce masa yana kai labari. Na ce wannan maɓalli shaida ce kake bayarwa a gaban kamfani cewa mai wannan wasiƙa ɗan damfara ne ko mai damun mutane, kuma ana rubutawa.

Ya ajiye kifin.

"Ƙarar Malam na kai ke nan?"

"Kai da wasu."

Ya goge hannu a jikin takardar da aka naɗo kifin. Mutumin da ya kusa ritaya, mai jikoki, sai ga shi ya koma ɗan aji ɗaya da aka kama da gyaɗa a aljihu.

"Don Allah kada ka faɗa masa," ya ce. "Kashe shi za mu yi."

Waɗanda suka ƙera wannan tsari sun gina shi ne a kan zaton cewa wanda ya gaji da kai zai faɗa maka. Sun buɗe masa ƙofar gaba, sun rubuta mata suna. Ba su yi lissafin mutanen da za su gwammace su haura katanga da su wuce ta gaban mai gida suna sallama ba. Mu kuwa haka aka rene mu, kuma Malam yana cikin waɗanda suka yi renon.

Na gwada dabaru. Na ɗauko hanyar fitar daga ƙasa na kai ta saman wasiƙa, na rubuta a gefenta cewa shugaba ba ya ganin wanda ya danna. Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Mutum biyu suka kira ni suna tambayar me ya sa aka rubuta haka, ko an fara dubawa ne. Na raba wasiƙun gida biyu, na Juma'a suna fita da wani reshen suna, na harkar ƙungiya da wani, don in ɗaya ya nutse kada ya ja ɗaya. Ya ɗan taimaka, amma kamfanin ya san 'yan gida ɗaya ne. Na bi waɗanda nake da sakewa da su ɗaya-ɗaya ina roƙo, in sun ga wasiƙar a kwando su ciro ta su ce ba shara ba ce. Kowa ya ce subhanallahi, wa zai yi wa Malam haka. Layin ƙorafi bai sauka ba.

Dabara ɗaya ta rage wadda masana suka ce tana aiki, wato a riƙa aika wa masu buɗewa kaɗai, a bar sauran. Da na yi haka da sunanmu ya farfaɗo. Amma ranar Juma'a waya za ta yi ƙara, a tambaye ni ko ta je wa kowa. Ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba tun ina da gashi a ka, kuma na san ko na gwada zai ji a muryata. Sufeto ne.

Sai gayyatar taron shekara ta fita, ta bi sawun 'yar'uwarta zuwa kwando. Mataimakiyar shugaba ce ta gano. Hajiya tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, tana gabanmu a kwaleji, kuma ita ce mutum ɗaya a ƙungiyar da ban taɓa jin ta ce "sai dai a yi haƙuri" ba. Ta zo ofishina da kanta da rana tsaka, ta ƙi zama.

"Sakatare, na kira mutane a kan taro, kowa ya ce bai ga takarda ba. Tawa a shara na tsince ta. Me yake faruwa?"

Na yi mata bayani tun daga hatimi. Ta ɗaga hannu.

"Bar ni da hatiminka. Wasiƙar Malam ce take jawo mana?"

"Ba wasiƙar ba ce, Hajiya, yadda mutane suke..."

"Ita ce ke nan. To a faɗa masa ya rage, ko ya mai da ita wata-wata."

"In ya tambayi dalili fa?"

"A faɗa masa dalili."

"Hajiya, kin san abin da likita ya ce."

Na ga ita ma abin ya taɓa ta, amma ba irin matan da suke barin abu ya taɓa su ya zauna ba ce.

"Na sani. Ni ma ya koyar da ni. Amma kwamiti zai zauna a gidansa kafin taro, kuma zai tambayi me ya sa ba a amsa gayyata ba. In ba ka je ka faɗa masa a hankali ba, a gaban mutane zai ji, kuma daga bakina. Ka san ni, ƙanena, ban iya naɗe magana a ganye ba."

Na tafi ranar Asabar da hantsi. An yi ruwa, hanyar Dagumawa ta yi laushi, gero ya kai ƙugu a dama da hagu. Ina tuƙi ina shirya jimloli ina rushewa. Na yi tunanin in tsaya in ɗauki wani ma'aikacin asibiti da na sani mu tafi tare, sai na ga in Malam ya gan mu tare zai ɗauka mutuwa muka zo faɗa. Na dai tabbatar tankina da mai, kuma da na isa na juya motar ta fuskanci hanya kafin in kashe ta.

Na same shi a zaure a kan kujerarsa ta roba, hannun hagu a kan cinya kamar abin da aka ba shi ajiya. Na tsuguna. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ɗalibai, ya tambayi ruwa a wajenmu, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, na tambayi jiki, ya ce jiki ya gode wa Allah. Muka sake zagayowa. Ban taɓa son gaisuwa ta yi tsawo kamar ranar ba. Aka kawo fura, na riƙe ludayi ban sha ba.

"Jiya ban kira ka ba, sabis ya ƙi," ya ce. "Ta je wa kowa?"

"Ta je, Allah ya gafarta Malam. Sai dai akwai maganar inda take sauka."

"Ina jin ka."

Na fara daga nesa. Na yi maganar kamfanoni da tsaurinsu, na yi maganar wayoyin zamani da saurin cikarsu, na ce mutane suna da uzuri iri-iri. Ya bar ni na yi ta kewaye, fuskarsa irin wadda yake yi a bayan aji in ɗalibin koyarwa ya manta darasinsa. Da na ƙare kewayen babu sauran wurin zuwa, na faɗa. Na ce akwai waɗanda wasiƙar take yi wa yawa, kuma kunyarsa ta hana su neman a cire su, sai suke tura ta kwandon shara, kamfani kuma yana ƙirga wannan a matsayin ƙara, har ta kai takardun ƙungiya ba sa isa.

Ban dubi idonsa ba. Bakinsa nake kallo, gefen hagu, da yatsun hannun nan. Wata kaza ta shigo zauren ta dube mu ta fita.

"Su nawa ne?"

"Kamfanin ba ya faɗa, Malam."

"Suna fa?"

"Shi ma ba ya faɗa."

"Ya fi sufeto rufin asiri," ya ce.

Ya ɗauki ludayinsa ya sha fura, ya ajiye. Hannun bai yi rawa ba.

"Yanzu kana nufin in na daina, babu wanda zai ce na yi watsi da su?"

Na ce ban fahimta ba.

"Magatakarda, hannun daman nan tun bara yake yi mini zogi duk ranar Laraba. Nasihar ma ta ƙare, maimai nake yi. Na yi ta jiran wani ya rubuto ya ce Malam ai ka faɗi wannan kafin azumi. Shiru. Na so in ce maka a tsaya haka, sai na tuna wahalar da ka sha a kan garken nan naka. An ce mini har abinci ka daina ci. Mutum ya yi maka wannan hidima, ka ce masa ka gaji? Na ji nauyinka."

Sai a lokacin na sha furar, don in sami abin yi da hannuna.

Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro waya ya miƙo mini.

"Tunda ka zo, duba mini. Ni ma tawa ta daina zuwa tuntuni, ban so in dame ka ba."

Sunansa ne na farko a rajista, saboda haka kowace Juma'a ana aika masa kamar kowa. Na buɗe akwatinsa, babu ita. Na gangara na buɗe kwandon.

"Allah ya gafarta Malam, ka taɓa danna wannan maɓallin na sama?"

Ya sa tabarau, ya matso da wayar kusa da hancinsa.

"Wannan? Na danna mana. Ni na rubuta ta, me zan karanta a ciki? Na ga yana kwashe ta da sauri."

Wasiƙun watan suna jere a kwandon, har da ta jiya, ba a buɗe ko ɗaya ba.